Anti, Gwiwata Ta Yi Sanyi

Tambaya: Anti, ina ajin ƙarshe a karatun akanta. Kullum ana cewa ƙirƙirarriyar basira za ta ƙwace mana aiki, ga gwamnatoci suna sauya manufofi dare ɗaya. Gwiwata ta yi sanyi. In ci gaba ko in haƙura?

Amsa: 'Yata, ci gaba da karatunki. Ba yau aka fara wannan fargabar ba. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov, gwarzon duniya a wasan ces, wasu suka ɗauka wasan ya mutu ke nan. Yau manyan 'yan wasan da kwamfuta suke atisaye.

ChatGPT da ake razana ki da shi, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, a Nuwamba 2022 ya fito. Kin ga har malamanki sababbin shiga ne, babu wanda ya yi miki nisa. Ki buɗe shi, ki ba shi lissafin da kika riga kika warware da hannunki, ki bi amsarsa layi-layi. Wani lokaci zai shara miki kuskure ko gezau bai yi ba. Ranar da kika kama shi, za ki gane amfanin zamanki a aji. Kuma in an zo binciken kuɗi, mutum ne ke sa hannu, shi ake tuhuma.

Siyasa kuwa, ba na cewa ki toshe kunne. Ki yi zaɓe, in an sauya dokar haraji ki karanta, abincinki na ciki. Amma ki rage kwana kan waya kina bin cacar bakin 'yan siyasa, musamman yanzu da jarrabawa ta ƙarato.