Gilashi mai launi ba ya ba da biza: amsa ga ɗan ƙanwata a Jos

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma ba kai kaɗai ka turo irinsa ba tun da na fara sa hotunan aikina a Facebook. Ka ce ka ga tagar gilashi mai launi da na haɗa, da kuma tsohon kabad ɗin da na gyara, kana so in nemo maka hanya ka zo Ingila ka koya a hannuna, mu buɗe shago tare. Mahaifiyarka ma ta kira, ta ce, "Yaya, ka duba yaron nan." Zan amsa maka a fili domin sauran masu tambaya su ji.

Babu wani shago. Gareji ne nake haya a Leeds, babu abin ɗumama wuri a ciki, a watan Janairu yatsuna kan ƙage har in kasa riƙe abin yankan gilashi. Albashin aikina na rana ke biyan hayar, shi ke sayen kayan. Na fara wannan aiki ne saboda kaɗaici. A tsakiyar hunturu rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, ka dawo gida babu mai sallama, babu majalisa, babu maƙwabcin da zai leƙo. Sanyin da muke kuka da shi a Jos cikin Disamba yana zuwa da rana da mutane, na nan kuwa da duhu yake zuwa. Na shiga ajin dare don kada zaman ɗaki ya taɓa mini hankali. Wannan shi ne asalin hotunan da suka ba ka sha'awa.

Kuma yana cin kuɗi. Ana sayen gilashin falle-falle, kowane launi da farashinsa. Mai ruwan hoda ya fi tsada domin da zinariya ake ba shi launin. Wanda ake hurawa da baki, irin na tsofaffin tagogi, an daina yin sa a Birtaniya gaba ɗaya: a 2023 ƙungiyar Heritage Crafts, mai kare sana'o'in hannu na gargajiya, ta sa shi cikin sana'o'in da suka ɓace a ƙasar, ta kuma sa haɗa tagogin gargajiya cikin waɗanda ke fuskantar barazana. Yanzu daga Jamus ko Faransa ake kawo shi. Ka ja masa layi da abin yanka, ka ɓalle, in ya bi wata hanya daban kuɗinka ya tafi. Idan 'yan ƙasa da suka gaji sana'ar suna rufe wuraren aikinsu, ka tambayi kanka wa zai ɗauki nauyin baƙo daga Najeriya ya zo koyo.

Nan ne maganar take. Bizar aiki sai da kamfani mai lasisin ɗaukar nauyi, kuma a 2025 an ƙara tsaurara ta, aka ɗaga matakin ƙwarewa da mafi ƙarancin albashi. Ni ba kamfani ba ne. Bizar karatu kuwa awa 20 a mako ta yarda ka yi aiki lokacin zangon karatu, kuma ta hana ka sana'ar kanka kwata-kwata. Wato ko kujera ɗaya ka gyara ka sayar da sunan kasuwanci, ka taka sharaɗi. Ga kuɗin makaranta, ga fam 776 na lafiya kowace shekara, ga kuɗin zaman wata 9 da dole su kwana 28 a asusu kafin ka nema. Jami'ar York tana da digiri na biyu na shekara biyu kan adana tsofaffin tagogin gilashi, gaskiya ne. Amma ba wurin fara koyon yanka ba ne, kuma tun Janairun 2024 mai irin wannan karatu ba ya zuwa da iyali. Duk wanda ya ce ka ba shi miliyoyi ya samo maka takardar ɗaukar nauyi, ɓarawo ne, ko da a masallaci ɗaya kuke salla.

Abin da ya fi ba ni mamaki a nan shi ne tsofaffin kayan katako ba su da daraja. Teburin madaci mai nauyi, wanda ya haura shekara ɗari, za ka same shi a gwanjo da kuɗin da bai kai na sabon tebur na garin katako ba. Gidajen yanzu ƙanana ne, matasa ba sa son baƙin katako. Ka kwashe makonni kana kankare tsohon fenti, kana cire gam, kana maganin ƙwaron da ke huda katako, kana shafa sanfefa, a ƙarshe mai saye ya taya abin da bai biya man shafawa ba. Kujerar kushin kuwa akwai dokar kariyar gobara ta 1988, shagunan da ke sayar da kayan da aka ba su kyauta domin taimakon jama'a ma ba sa karɓar wadda ba ta da alamar cewa ta cika wannan doka.

Akwai abin da har yau yake mini ciwo. Wata mata ta ga aikina a intanet, ta yaba, muka yi magana a rubuce kan gilashin ƙofarta da ya fashe. Da na isa gidan ta buɗe ta gan ni, sai ta tambaya ko maigidana yana tafe. Na ce ni ne mai aikin. Ta ce za ta sake tunani, ban sake jin ta ba. Wani dattijo a layin nan shi ya ba ni ƙofarsa. Na cire gilashin, na sake sandunan dalmar da ke riƙe shi duka, na samo launin da ya dace da wanda ya fashe har ba ka gane sabo da tsoho. Duk wanda ya wuce yana ganin aikin Bajasshe, kuma ina alfahari da shi. Sai dai shekaru na yi kafin hannuna ya kai nan, ina da albashi a bayana.

Ka kuma sani dalma guba ce. Abin liƙin da muke narkawa kashi 60 kuza ne, kashi 40 dalma, sandunan da ke riƙe gilashin kuwa dalma ce zalla. Ba na ci ko sha a gareji, kayan aikin ba sa shiga ɗakin yara. Ka tuna Zamfara a 2010, yadda ƙurar dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Tsohon fenti ma sau da yawa akwai ta a ciki, kada ka goge shi a bushe kana shaƙa.

Yanzu ga abin da nake ganin ya kamata. Kana zaune a garin kuza, inda Turawan haƙa da ma'aikatan gwamnati suka bar kabad da tebura na loko da madaci a tsofaffin gidaje daga Jos har Bukuru. Iskar hunturu tana busar da su, mahaɗansu su saki, masu su su jefa a sito. Kasuwar Katako tana kusa da kai. Ka nemi tsohon kafinta, irin wanda ya iya huda da kafa mahaɗi ba tare da ƙusa ba, ka durƙusa ka koya. Ka fara da kujerar katakon nan ta kakarka da ke jingine a zaure. Masallatai da coci-coci da sababbin gidajen Rayfield duk suna son taga mai ado, akasari leda mai launi ake manna musu, rana ta ƙone ta. Ko da farin gilashin taga za ka iya koyon yanka, ɓaraguzansa kyauta ne a wurin masu almuniyam.

Akwai mai zuwa gida bayan salla, zan ba shi abin yankan gilashi biyu, da filaya, da naɗin jan ƙarfe na liƙi ya kawo maka. Kuɗin koyo wurin kafinta na wata shida ni zan biya, kai tsaye ga mai koyarwar. Takardar gayyata kuwa ba zan rubuta ba, kuma na faɗa wa mahaifiyarka haka. Ka gaishe ta, ka turo mini lambar kafintan idan kun daidaita.