Amsa ga mai tambaya a kan asusun manaja da asusun bin ma'aunin kasuwa

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta tambayarka, cewa kuɗin sallamarka sun fito kuma ka rasa inda za ka sa su, ko a asusun da manaja ke zaɓar hannayen jari da kansa, ko a wanda ke bin ma'aunin kasuwa kawai (wato alƙaluman da ke nuna tashi da faɗuwar farashin hannayen jari a dunƙule), sai na tuna halin da na shiga a 2007, domin ni ma da irin wannan kuɗi na tsaya a wannan mararraba.

A lokacin kasuwar hannun jari tana tashe, har direbobi da 'yan tebur suna sayen hannun jarin bankuna. Wani jami'i a bankin da nake ajiya ya zaunar da ni a ofishinsa, ya ce ƙwararrunsu suna hango faɗuwar kasuwa tun kafin ta zo, su janye kuɗin mutane. Na zuba naira miliyan biyu ban karanta ko shafi ɗaya na takardar bayanin asusun ba. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000, shekara ɗaya bayan haka ya koma wajen 20,000. Ana cikin haka mahaifiyata ta kwanta, likita ya ce sai an yi mata aiki. Na je cire kuɗina, na zauna a benci tun hantsi har aka kira azahar, sannan aka miƙo mini takarda mai ɗauke da naira dubu ɗari bakwai da 'yan kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani layi a ƙasan takardar, inda aka nuna an ci gaba da cire ladan gudanarwa duk tsawon lokacin da kuɗina ke narkewa. Na nemi jami'in nan aka ce an yi masa canjin reshe, na kira shi ya fi sau goma bai ɗauka ba, kuma har yau ban ji daga bakinsa ko kalmar jaje ba. Filin da nake shirin ginawa na sayar aka yi aikin, kuma na daɗe ina jin kunyar haɗa ido da ƙannena, saboda ni na ce musu kada su damu, akwai ajiya.

Gaskiya ita ce ko asusun bin ma'auni na shiga, da faɗuwar ta same ni, tunda kasuwar ce gaba ɗaya ta rushe. Bambancin shi ne na biya kuɗin ƙwarewar da ba ta kare ni daga komai ba. Don Allah kada ka raina wannan lada: idan ana cire kashi 2 cikin 100 kowace shekara, a shekara 20 an cinye kusan sulusin abin da ya kamata ka tara, ko an ci riba ko an faɗi. Wannan ne dalilin da John Bogle, wanda ya kafa kamfanin zuba jari na Vanguard, ya buɗe asusun bin ma'auni a Amurka a 1976, kuma a can an daɗe da ganin cewa mafi yawan manajoji ba sa wuce ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka idan shekaru suka yi nisa.

Sai dai tamu kasuwar ba irin tasu ba ce. Asusun bin ma'auni a nan galibi irin waɗanda ake saye ta hannun dillali ne kamar hannun jari, ana kiransu ETF, misali Vetiva Griffin 30 da ke bin NGX 30, ma'aunin manyan kamfanoni 30 na kasuwar hannun jari ta Najeriya, kuma wata rana za ka so sayarwa ka tarar masu saye sun yi kaɗan. Haka kuma kamfanoni ƙalilan irin su Dangote Cement da MTN Nigeria da Airtel Africa suna da nauyi ƙwarai a ma'aunin. Ka kuma lura da batun halal, domin NGX 30 ya ƙunshi bankuna masu mu'amala da riba. Wannan ya sa ni na koma Lotus Halal Equity ETF, mai bin ma'aunin da aka tace bisa shari'a.

Idan zuciyarka ta fi kwanciya da manaja, ka tabbatar yana da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannun jari, ka nemi sakamakonsa na shekara biyar ko goma bayan cire lada, a ajiye shi kusa da ma'aunin da ya ce yana gasa da shi. Wanda ya nuna maka shekara ɗaya mai kyau kawai, ka tashi ka bar masa ofishinsa. Kuma ina roƙonka, kuɗin asibiti da na makarantar yara kada su shiga ko ɗaya daga cikin biyun. Ka ware kuɗin buƙatun wata shida a inda hannunka zai kai cikin kwana ɗaya, sauran ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kowane wata kamar adashi, yadda nake yi tun daga 2015.