Kafin ka biya kuɗin filin nan

Malam, ka tambaya ko takardar mai unguwa ta isa ka sayi fili a Kano ka gina gidan haya. Gaskiya ba ta isa ba. Tun dokar filaye ta 1978, filayen birni suna hannun gwamna, kai izinin mallaka kake samu, yawanci na shekara 99. Ka kai lambar filin ofishin KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye a jihar Kano, a duba maka.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne filin gado. Ɗa ɗaya ya sayar, ka zuba harsashi, sai 'yan'uwansa su maka ka a kotu. Nemi takardar rabon gado, kowane magaji ya sa hannu. Kuma ka leƙa wurin da damina, ka ga inda ruwa ke kwanciya.