Mu da Talatar masunta a Akra

Ƙanena, ina fata su Baba da Inna suna lafiya. Ka ce abin ya ɗaure maka kai, wai jikokin malamai a Sabon Zangon Akra ba sa cewa uffan kan al'adar masunta ta ƙin shiga teku ranar Talata, har ma muna tsara kasuwarmu a kanta. Kana tsoron kada mu zama mun yi na'am da tsafi.

Mu ba masunta ba ne. Kwale-kwale da taru na mutanen Ga ne da Fanti da Ewe. Kakanninmu fataucin goro da shanu ne ya kawo su bakin ruwan nan. Amma tuwon gidana daga teku yake fitowa, domin banda nake sara a hannun matan Chorkor, wata unguwar masunta a bakin teku, in ɗora a mota zuwa Kumasi da Tamale. Wasu masuntan suna cewa Talata ranar abin bautarsu ce. Wannan imaninsu ne, mu ba mu taɓa zuba wa teku ko ɗigon wani abu ba. Abin da idonmu ke gani shi ne a ranar ake ɗinke taru, a kai rigima gaban shugaban masunta, kifi kuma ya sarara. Kai da ka san yadda ake hana su a Matan Fada ta Argungu har sai lokacin biki ya zo, bai kamata wannan ya zame maka baƙon abu ba.

Lafiyar teku kuwa a kwando muke gane ta. Daga Yuli zuwa Satumba ruwa kan yi sanyi, ɗan kifin da ake kira amane ya taso da yawa. Da can idan lokacin ya yi, hayaƙin murhun banda ba ya yankewa dare da rana, mai gyaran kifi hannunta har ya yi kanta. Yanzu sai ka ɗaga takardar da aka rufe kwando ka tarar da 'yan mitsi-mitsi, tsawon yatsa, waɗanda ko ƙwai ba su taɓa yi ba. Wannan ya fi tsadar kaya tayar mini da hankali. Manyan jiragen kamun kifi suna share ruwa, a baya kuma an daɗe ana cinikin saiko, inda suka riƙa sayar wa ƙananan jirage daskararren kifi a tsakiyar teku ba bisa doka ba. Su ma masu kwale-kwalen akwai masu kunna fitila da dare su tara kifi, da masu taru mai ƙananan idanu.

A 2019 gwamnati ta fara rufe wa masu kwale-kwale teku na wata guda. Na goyi baya, amma na ga abin da ya biyo: murhu a mace, matan da muke ciniki da su suna zuwa neman bashi kan kayan da ba a kama ba tukuna. Muka bayar, don in suka durƙushe mu ma mun durƙushe. Duk lissafin da ya ƙirga kifin ruwa ya manta tukunyar mai banda, a wurina bai cika ba.

Waɗanda suka fi burge ni matan bakin kogin Densu ne, wajen Tsokomey da Bortianor, masu tsintar kawa, wannan halitta mai ɓawo. Tun 2017 da kansu suke dakatar da tsinta daga Nuwamba zuwa Afrilu, suna kuma dasa itatuwan mangurob da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Dokar tasu ce, su suka kafa ta, su suke tsaron ta, shi ya sa ta zauna.

In akwai abin da ya kamata ka tuhume mu a kai, to kwatocinmu ne. Ledar da ake yarwa a Nima da sauran unguwanni ruwan sama ke kwasa zuwa kogin Odaw, ta faɗa tafkin Korle da ke maƙwabtaka da mu, ta wuce teku. Masunta kan jawo taru su tarar da shara gauraye da kifi. Wannan nake roƙon limamanmu su riƙa taɓowa a huɗuba, nake kuma fito da yarana da shebur duk ranar aikin gayya.