Hannun Jari da Ruwan Ciki

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya: Malam, na karanta cewa a ƙasar Holan aka fara sayar wa jama'a hannun jari. Me ya kawo "hannu" cikin wannan magana? Kuma karin maganar nan, "da ruwan ciki ake jan na rijiya", ta dace da su?

Amsa: 'Yata, jari dai shi ne uwar kuɗi, abin da ake juyawa ya haifi riba. Hannu kuwa a nan rabo yake nufi, kamar yadda muke cewa wane yana da hannu a cikin abu kaza. Wanda ya ƙirƙiro kalmar ya iya Hausa.

Da can attajiran birnin Amsterdam na Holan kan haɗa kuɗin tafiya guda ne kawai. In jiragen ruwa sun dawo daga tsibiran Indunusiya da kanumfari da sauran kayan ƙamshi, sai a sayar, a raba, kowa ya kama gabansa. A 1602 aka haɗe ƙungiyoyin attajiran suka zama kamfani ɗaya mai suna VOC, da jarin gilda (kuɗin Holan na lokacin) kusan miliyan 6.4. A Amsterdam kaɗai mutum 1,143 suka zuba kuɗi, har da 'yan aikin gida. Ba a raba uwar kuɗin bayan kowace tafiya. Wanda ya matsu sai ya sayar wa wani rabonsa, a sauya suna a littafin kamfani. Hannun da ake sayarwa ke nan.

Karin maganar ta dace. Mai jan guga in bai sha ba, ba shi da ƙarfin ja. Sai da abin hannu ake nemo na nesa. Zuwa kaɗai kan ci wata takwas a teku, kuma tun jirgi bai tashi ba an kashe kuɗin katako da guzuri da matuƙa.

Sai dai kada ki tsaya nan, domin rijiyar tana da masu ita. A 1621 gwamnan kamfanin, Jan Pieterszoon Coen, ya auka wa tsibiran Banda na Indunusiya don mallake cinikin kayan ƙamshinsu. Aka kashe mutanen wurin, wasu yunwa ta gama da su, wasu aka kwashe su bayi, aka kawo bayi daga wasu wurare suna noma gonakin.