Abin da ya tsaga maka wuƙa

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa wuƙar da ka ƙera da sifirin mota ta yi ƙara ta tsage da ka tsoma ta a ruwa, alhali rodi bai taɓa yi maka haka ba. Ruwan ne ya cuce ka. Sifirin ƙarfe ne mai zuciya, sinadarin gawayin da ke jikinsa ya fi na rodi nesa ba kusa ba, shi ya sa yake riƙe kaifi, shi ya sa kuma ba ya jure sanyin gaggawa. Mai yake so. Ni man gyaɗa na fi yarda da shi, a ɗan ɗumama shi tukuna. Baƙin mai ma yana yi, sai dai hayaƙinsa ba ya yi wa ƙirji daɗi.

Amma tun daga saye ake fara kuskure. In ka je wajen 'yan gwangwan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kada ka ɗauki fallen sifirin da ya karye a jikin mota, domin wanda ya karye a wuri ɗaya yana ɓoye wata tsagar. Goge tsatsar, duba shi da kyau a rana.

In ka gama bugu a uwar maƙera, kada ka yi saurin zuwa mai. Sa shi a wuta ya yi ja, ka fitar ya huce a iska, sau 2 ko 3, don gajiyar masaba ta fita. Bakin kuma ka bar masa kauri kamar gefen kwabo. Naka ka mayar da shi kamar reza tun kafin tsomawa, dole ya murɗe.

Wutar kuwa gawayin ƙirya, zuga a hankali, kuma a inuwa, don rana tana yaudarar ido. Ka ga maganaɗisun tsohuwar sifika da na rataye kusa da zuga-zugi? Ƙarfe yana daina kama shi wajen digiri 770 a ma'aunin Celsius. Da ya daina, ƙara masa wuta kaɗan, kama da awartaki, tsoma a miƙe, tsini a gaba, kada ka kaɗa shi gefe da gefe. Ya huce, goga masa magagari: in ya zame bai ci ba, ya ƙanƙare.

Saura abin da yara ke tsallakewa, kuma yana ɓata mini rai. A wannan lokacin wuƙar kamar gilashi take, ko faɗuwa ta yi sai ta karye. Goge ta ta yi fari, ɗora gadon bayanta a kan garwashi, idonka a kan bakin. Launi zai riƙa tafiya daga baya zuwa kaifi. Da bakin ya yi ruwan busasshen kara, ɗauke ta ka sanyaya. In ka bari ya yi shuɗi, ta yi laushi, ko akuya ɗaya ba za ta gama feɗewa ba.

Akwai ragowar falle a bayan ƙofa. Gobe da sassafe ka hura wuta, ina tsaye a kanka.