Tumatir yana zubar da fure, feshi kuma ya ƙi ci: zafi ne ko magani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomin rani ne a yankin Kura ta jihar Kano. Bana na yi dashen tumatir a ƙarshen Janairu kuma ya tashi da kyau, amma tun da zafi ya kankama a watan Maris fure yake zubewa, ganye yana nannaɗewa, sharon, wato tsutsar nan mai huda ganye da 'ya'yan tumatir, kuma ya shiga. Mai sayar da magani a kasuwarmu ya haɗa mini kala huɗu ya ce in riƙa fesawa duk bayan kwana uku, da na koma na ce ba sauƙi sai ya ce in ƙara murfi guda a kowane injin feshi. Yanzu bakin ganyen ya fara ƙonewa, kuma kwaɗi da ƙananan kifayen da muke gani a magudanar ruwa sun ɓace. Wasu na cewa sauyin yanayi ne, wasu na cewa maganin jabu ne. Da bashi na yi wannan noma, hankalina a tashe yake. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo sauƙi, ya kuma ba ka ikon biyan bashin da ke kanka. Kafin komai, Malam, ka ajiye injin feshin nan yau, domin a cikin abubuwa huɗun da ka lissafa a jikin shukar, sharon ne kawai maganin ƙwari zai iya yi wa aiki, sauran ukun feshi ba ya magance su, ɗaya daga cikinsu ma feshin ne ya jawo shi.

Zubewar fure aikin zafi ne. Tumatir yana ƙulla 'ya'ya yadda ake so ne idan rana ba ta wuce kimanin digiri 30 ba, dare kuma ya sauka ƙasa da 21. Da zarar rana ta haura 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin da ke cikin furen yana lalacewa, barbara ba ta yiwuwa, sai ka ga wuyan furen ya yi rawaya ya karye a gaɓa ya faɗi. Wanda ya yi dashe a ƙarshen Janairu furensa zai buɗe ne a Maris, daidai lokacin da hunturu ya janye kuma zafin Kano yake kusantar digiri 40. Masu cewa sauyin yanayi ne ba su yi ƙarya ba. Hukumar yanayi ta duniya ta tabbatar cewa 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, kuma a watan Afrilun shekarar garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Abin da ya fi shafar mai tumatir shi ne ɗumamar dare da gajarcewar kwanakin sanyi, wato tazarar da iyayenmu suke dasawa su tsinka cikin kwanciyar hankali ta tsuke. Nannaɗewar ganye kuma iri biyu ce. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka naɗe sama suna nan kore shar, shukar ce take rage asarar ruwa, ba cuta ba ce. Idan kuwa sababbin ganyen sama ne suka ƙanƙance, bakinsu ya yi rawaya, shukar ta tsugune ta daina tsawo, to cutar bairos ce da farin ƙuda yake ɗaukowa, kuma babu kwalbar da ke warkar da shukar da ta riga ta kamu. Tuge ta ake yi a fitar daga gona.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kusan kullum sai na yi gardama a kansa da manoma: imanin cewa duk abin da ya sami shuka akwai maganin feshinsa, kuma idan bai ci ba to ƙarfinsa ne bai isa ba, sai a haɗa kala-kala a ƙara murfi. Wannan tunani ya cinye jarin manoma fiye da yadda sharon ya ci, kuma masu yaɗa shi su ne masu cin ribarsa. Mutumin da bai taka gonarka ba, bai juya ganye ɗaya ya duba bayansa ba, wani lokaci ma ba ya iya karanta rubutun da ke jikin kwalbar, shi ne yake zaune a ƙarƙashin rumfa, kwalabe suna gasuwa a rana, yana rubuta wa gona magani. Ribarsa tana cikin yawan kwalaben da ka saya, ba ta cikin yawan kwandunan da ka tsinka.

Dubi yadda sharon yake rayuwa ka ga dalilin da ya sa haɗin nan ba zai taɓa ci ba. Wannan ƙwaro, wanda masana ke kira Tuta absoluta, asalinsa daga Kudancin Amurka ne, an fara ganinsa a Sifen a 2006, ya ratso Arewacin Afirka, ya yi mana ɓarnar da ba a manta ba a 2016, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Macen tana iya yin ƙwai har 260. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ba ta zama a saman ganye, tana huda shi ta shige tsakanin fatar sama da ta ƙasa tana ci daga ciki. Ka ɗaga ganyen ka kalli rana ta cikinsa, za ka ga wani fili fari kamar leda, da baƙin kashinta a gefe, da ita kanta tana motsi a ciki. Maganin da sai ya taɓa jikin ƙwaro yake kashe shi yana sauka ne a kan rufin da ta ɓuya a ƙarƙashinsa. Ga kuma inda zafi ya shigo: a sanyin digiri 14 tana ɗaukar kusan kwana 76 daga ƙwai zuwa girma, a digiri 27 kuwa kwana 24 ya ishe ta. Saboda haka duk shekarar da sanyi ya gajarta, zuriyarta tana ninkuwa sau da yawa a kaka guda.

Idan ka fesa magani iri ɗaya duk kwana uku, masu rauni ne suke mutuwa, 'yan tsirarun da jikinsu ya jure su ne suke hayayyafa, cikin wata biyu gonarka ta cika da jikokinsu. Da kuɗinka kake tace wa kanka irin sharon da ba ya jin magani. Haɗa kala huɗu kuma ba ya nufin magani huɗu. Sau da yawa idan na karɓi kwalaben na duba, sai in tarar biyu ko uku sinadari ɗaya ne, sunan kamfani da launin takarda kawai suka bambanta. Idan ma sun bambanta, to ka nuna wa ƙwaron dukkan makamanka a lokaci guda, ya saba da su gaba ɗaya, ranar da za ka bukaci canji babu abin da ya rage.

Ba nan ɓarnar ta tsaya ba. A kowace gona akwai masu yi maka aiki kyauta: gizo-gizo, mazari, ƙananan zanzaro masu saka ƙwansu a cikin ƙwan sharon, da ƙwarin da ke cin darɓa da farin ƙuda. Su a fili suke yawo, don haka su feshin yake fara kashewa, kuma sun fi abokan gabarka jinkirin farfaɗowa. Shi ya sa manomin da ya fi kowa feshi yakan wayi gari da farin ƙuda da jan gizo-gizon nan ɗan mitsitsi mai shanye ganye sun fi na maƙwabcinsa yawa. Ƙonewar bakin ganyen da ka ambata kuwa, ina kyautata zaton ƙarin murfin ne ya jawo ta, musamman idan da rana tsaka kake fesawa, domin magani mai kauri a kan ganyen da zafi ya riga ya galabaitar ƙuna yake yi. Tumatir yana barbarar kansa, amma mai kankana da kabewa da kokwamba da ke gefenka ƙudan zuma yake jira, kuma feshin da ka yi lokacin da fure yake buɗe ya shafe shi.

Batun maganin jabu gaskiya ne akwai shi, kuma ya kamata ka duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa a kowace kwalba, ka kuma guji duk abin da aka ɗura a gorar ruwa ba takarda. Sai dai ko na ainihi ka samu, ba zai hana fure zubewa a zafin digiri 40 ba. Piya-piya da Sniper kuma kada su kusanci tumatirin da mutane za su ci. Sinadarin da ke cikinsu shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da ke ba ni takaici shi ne dokokin suna nan a rubuce, amma a kasuwar ƙauye ba ka ganin mai duba su, kuma malamin gona guda ne ake jingina wa ƙauyuka masu yawa ba babur ba mai, sai mai rumfa ya zama shi ne malamin.

Kwaɗi da kifin da suka ɓace, kada ka ɗauke su ƙaramin abu. Yawancin magungunan da ake haɗa muku suna da tsananin dafi ga kifi, kwaɗo kuma ta fatarsa yake shan abin da ke cikin ruwa. Idan aka wanke injin feshi a magudana, ko aka jefa kwalba a ciki, ko aka yi ban ruwa nan take bayan feshi, can maganin yake tafiya. A bazara abin ya fi muni, saboda ruwan ya ragu balle ya tsarma dafin, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa kamar mai sanyi. Ruwan nan da kuke sha daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, idan ya fita daga gonakinku kogin Kano yake komawa, ya haɗu da kogin Challawa wanda shi ma yake ɗauke da dagwalon masana'antu, har da na masu jimar fata, su zama kogin Haɗeja, su malala fadamun Haɗeja da Nguru inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa suke rayuwa, tsuntsaye kuma suke sauka daga Turai lokacin sanyi. Ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa a can, babban dalilinta sauya tafiyar ruwa da madatsu suka yi, amma takin zamanin da ke zurarewa daga sama yana ƙara mata ƙarfi.

Ga abin da za ka yi a wannan makon. Ka dakatar da haɗin, ka bi gonar da hannu ka tsinke ganye da 'ya'yan da tsutsa ta huda, ka zuba a buhun leda ka ɗaure ka bar shi a rana ko ka binne da zurfi, kada ka watsar a bakin gona. Ka mayar da ban ruwa sassafe ko yamma, kaɗan-kaɗan a kai a kai, ka shimfiɗa bambaron shinkafa a gindin shukar don ƙasa ta yi sanyi; wannan zai kuma rage baƙin ruɓewar da ke kama gindin 'ya'yan idan ruwa yana yankewa yana dawowa. Ka tsayar da yuriya, domin yawanta a zafi ganye take ƙarawa, fure ya ci gaba da zubewa, ƙwari kuma su samu taushi. Da dare ka ajiye faranti mai faɗi da ruwa da ɗan sabulu da fitila a kansa, da safe ka ƙirga abin da ya faɗa. Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT, mai reshe a Bagauda kusa da ku, ta yi aiki a kan irin wannan tarko. Idan ƙirgar ta nuna dole sai an yi feshi, a yi da magani ɗaya wanda aka yi domin tsutsar da ke cikin ganye, a ma'aunin da ke jikin takarda, da yamma bayan rana ta yi sanyi. Kamfanoni da dama suna buga lambar rukunin sinadarin a jikin kwalba: 5, 6 da 28 suna cikin masu aiki a kan sharon, 1B da 3A kuwa su ne aka fi cika muku hannu da su. Ka yi wata guda da rukuni ɗaya, sannan ka koma wani. Ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa kwana guda yana taimakawa tun tsutsar tana ƙarama. Ka kiyaye kwanakin da takarda ta ce a jira tsakanin feshi da tsinka, domin wannan haƙƙin mai saye ne a wuyanka.

Ka kula da jikinka da na yaran da ke taya ka. Idan bayan feshi mutum ya ji jiri, yawu yana zuba, gumi da amai, ko gani ya dushe, a cire masa kayan, a wanke jikinsa da sabulu, a kai shi asibiti tare da kwalbar. Madara da manja da ake ɗura wa mutane ba makari ba ne, ɓata lokaci ne kawai.

Ba zan ɓoye maka ba, furen da ya buɗe a tsakiyar wannan zafi mafi yawansa ba zai ƙulla ba, don haka kada ka ƙara cin bashi a kansa. Ka lallaɓa 'ya'yan da suka riga suka kama su kai kasuwa. Baɗi ka zuba iri tun Satumba ko farkon Oktoba ka dasa a Nuwamba, yadda fure zai faɗo cikin hunturu, ka rufe wurin renon da gidan sauro saboda farin ƙuda, ka kuma nemi irin da ke jure zafi ta hannun ma'aikatan hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, ko tashar binciken noman rani ta Kadawa idan kana son na ƙarshen kaka. Bayan girbi ku haɗu da maƙwabtanka ku tuge tsoffin karan tumatir, gauta da dankalin turawa a mako guda ku ƙone, domin a cikinsu sharon yake jiran dashen gaba, kuma gona ɗaya da aka bari ta isa ta sake cika yankin.